Darmar da ke Bayan Faifai

Kwanakin baya ina zaune a falon ɗana, yara sun kunna talabijin, sai ga wani shiri na wani ƙaton faifai mai launi-launi. Mutum ya zo ya murza, jama'a na tafi, in ya tsaya a ba shi abin da ya tsaya a kai. Babbar jikata ta matso tana koya mini dokokinsa, wai dole sai ya zagaya sau ɗaya cur, wai in ya tsaya a baƙin gida duk abin da ka tara ya tafi. Ta ɗauka ban taɓa ganin irinsa ba. Na ce mata na san faifan nan tun ba a haifi ubanta ba, har na taɓa kwance shi da hannuna na ga abin da ke bayansa.

Lokacin Turawa na nan, saura 'yan shekaru su tafi. Ina da sabon aure, ina aikin kafinta a wata rumfa bakin hanyar mota a Kankia. Ƙyaure nake yi, da akwatin kaya, da 'yan kujerun mata. Rumfar da ke jikin tawa ta wani mai facin keke ce, ya girme ni da kaɗan, mutum mai surutu da saurin fushi, amma muna zaman lafiya, tare muke cin abincin rana.

Bayan kaka ne, an sayar da gyaɗa, kowa na da ɗan abin taɓawa. Ranar kasuwa sai ga wata babbar mota mai fenti rawaya ta wani kamfanin sabulu, da lasifika ɗaure a kanta. Mutum uku ne a ciki: direba, da mai shela, da akawu. Akawun Bahaushe ne ɗan birni, da gajeren wando da dogayen safa, alƙalami soke a bayan kunne. Ba ya gama magana bai jefa Turanci ba, ko da tsohuwa yake yi.

Suka sauke faifan suka kafa shi a kan ƙafafun katako. Tsayinsa ya kai kafaɗar mutum. An raba fuskarsa gida-gida, kowane da hoton abin da ke cikinsa: ashana, allura, ɗan madubi, hankici, fitilar ƙwai. Akwai fararen gidaje da ba komai a ciki. Sannan akwai ja guda ɗaya, siriri, da hoton keken ɗinki. Keken kansa yana bisa rufin mota, baƙi wul yana ƙyalli, an ɗaure shi da igiya yadda kowa zai gani tun daga nesa. An jera ƙusoshi a bakin faifan, a sama kuma an rataya wani harshe na fata mai kauri, in faifan na juyawa sai ya riƙa bugun ƙusoshin, ƙwas-ƙwas-ƙwas, har ya lafa.

Mai shela ya faɗi dokoki, ya maimaita har yara suka haddace. Uku ne kawai. Ka sayi sabulu uku ka kawo takardunsu, ka murza sau ɗaya. Faifai sai ya yi zagaye cikakke. Inda harshe ya tsaya, nan ne rabonka.

Ban taɓa ganin an sayi sabulu kamar ranar nan ba. Wani dattijo daga Fakuwa, wanda na san gidansa da toka suke wanki, ya cika aljihun taguwarsa da sabulu tsirara, ya tafi da ashana biyu. Mai faci ya rufe rumfarsa tun hantsi, ya murza har ban san iyaka ba, duk ashana ko farin gida. Ni ma ban tsira ba. Na murza sau ɗaya na sami allura, na kai wa amaryata, ta juya ta, ta ce tana da irinta guda huɗu.

Da la'asar suna mayar da faifan cikin mota sai ya kuɓuce musu, sandar tsakiyarsa ta tsage. Washegari da safe akawu ya sa aka kawo shi rumfata.

"Kafinta, za ka iya? Jibi muna Kusada."

Na ce, "Ranka ya daɗe, sai na buɗe na gani."

Bayan faifan a rufe yake da wani falle na katako. Da na ciro ƙusoshinsa sai na tarar da wani guntun darma, faɗinsa kamar tafin hannu, an kafe shi daidai bayan jan gidan. Na ɗaga kai na dube shi.

"Wanga fa, mi ne ne aikinsa?"

"Ma'auni ne," in ji shi. "Daga Ingila ya zo da shi. Ka gyara sandar, ka mayar da komai yadda ka gan shi."

Ya tafi. Ni ban yi boko ba, amma na san nauyi. Abin da ya fi nauyi ƙasa yake nema, harshen kuwa yana sama. Na fere sabuwar sanda, na rataya faifan a kanta na murza, na sake murzawa, na yi ta yi har hannuna ya gaji. Kowane karo jan gida sai ya gangara ya kwanta ƙasa, ko kusa da ƙasa. Gidajen da ke fuskantarsa ta sama kuwa, ashana ne da allura da fararen nan. Ko mutum zai kwana yana murzawa, keken nan ba zai sauko daga kan mota ba.

Na tuna dattijon Fakuwa yana ta bismilla kafin ya kama faifan.

Ba zan ce tsoron Allah kaɗai ya sa na yi abin da na yi ba. Akwai haushin allurata, akwai kuma son in ga yadda fuskar akawu za ta koma. Na ɓamɓare darmar na jefa cikin jakar kayan aikina. Na fere wani guntun katako mara nauyi daidai girmanta, na goga masa gawayi da mai har ya yi duhu, na kafe shi a gurbinta, na mayar da fallen. Ko mai faci ban faɗa wa ba, don na san bakinsa.

Akawu ya zo da yamma, ya murza sau biyu, ya ga yana juyawa sumul, ya ce in bi su Kusada in kafa musu ƙafafun, can zai sallame ni. Hakan ya yi mini daidai, dangin mahaifiyata suna Kaikai, dama nakan kai kujeru kasuwar Kusada. Mai faci ma ya ce ba za a bar shi a baya ba, jikinsa na ba shi keken nan nasa ne. Ya hau kekensa ya riga mu isa.

A Kusada labari ya riga mota. Tun kafin in gama kafa faifan an yi layi. Mai shela ya sake karanto dokokin nan uku, aka fara. Kafin rana ta take, fitila biyu sun fita, madubai sun kusa ƙarewa. Na ga akawu ya daina dariya. Yana kallon faifan, yana kallona. Ni kuwa na koma gefe na zauna kan jakata, na yi kamar kujeruna nake tsaro.

Sai ga wata Bafillatana mai tallar nono, dattijuwa, doguwa, daga rugar da ke bayan Kaikai. Na san ta, mahaifiyata takan sayi man shanu wurinta. Ɗiyarta ce ta haihu, shi ya sa dattijuwar ta zo ta sayi sabulu uku na wankan jego, ta ɗaure a gefen zane za ta wuce. Ba ta ma kalli faifan ba. Mai shela ne ya tare ta da lasifika.

"Inna mai nono! Ina za ki da rabonki? Kawo takardun ki murza!"

Ta ce ita ba ta san wannan wasa ba. Mutane suka yi ta zuga ta, suna dariya. Ta sauke ƙwaryarta a gindin mota, ta kwance sabulun ta miƙa takardu. Ta kama bakin faifan da hannun hagu ta fizga. Mai tatsa ce, hannunta da ƙarfi. Faifan ya yi ta gudu, launukan suka haɗe. Sannu a hankali ya fara lafawa, ƙwas, ƙwas, ya wuce hankici, ya wuce wani farin gida, harshen ya lanƙwashe a kan ƙusa ta ƙarshe kamar zai koma, sai ya tsallake ya faɗa cikin ja, ya tsaya.

Kasuwa ta ɗauki ihu. Mata suka rangaɗa guɗa. Wasu samari har sun fara hawa mota za su kwance keken. Ita tana tsaye tana tambayar mi ya faru.

Akawu ya ɗaga hannu, ya karɓi lasifika daga mai shela.

"A dakata. Faifai bai yi zagaye uku ba. Doka ta ce uku."

Aka ce kai, ɗaya aka faɗa. Wani mahauci ya ce ko ukun ne ma, shi ya ƙirga, ya fi biyar. Jama'a suka goyi bayansa. Akawu ya share gumi, ya dubi matar sama da ƙasa.

"Da wane hannu kika murza?"

"Da wanga," ta ce, ta ɗaga hagu.

"To, kun ji da kunnenku. Kamfani ba ya karɓar hagu. Wa ya taɓa karɓar alheri da hagu?"

Ta zaro hannunta na dama daga cikin mayafi ta nuna. Wuyan hannun a karkace yake, yatsun sun ƙanƙame. Ta ce saniya ce ta harbe ta tun tana budurwa, da hagu take tatsa, da hagu take cin tuwo, kowa a Kaikai ya sani. Na ɗauka magana ta ƙare. Sai na ji wani daga baya yana cewa ai gaskiya ne, hagu ba ta da kyau. Wani ya ce dama mi Bafillatanar daji za ta yi da keken ɗinki. Na waiga, mai faci ne. Fuskarsa ta yi baƙi ƙirin don hassada, kamar daga aljihunsa za a ciro keken.

Akawu ya ga jama'a ta fara rabuwa, sai ya zaro wata takarda daga aljihu ya karanta da Turanci, da ƙarfi, ya daɗe yana yi. Ba wanda ya san abin da ke ciki, ƙila ma takardar man mota ce. Ya fassara: jan gida ba ya nufin a ba ka keke yanzu. Yana nufin a rubuta sunanka a kai Kano, Bature ya haɗa da na sauran garuruwa ya zaɓa.

"Ba haka mai ƙahon ga ya ce ba," in ji ta. Ba ta ɗaga murya ba. "Cewa ya yi inda ya tsaya nan ne rabona."

A nan na kasa zama. Na buɗe jaka na ciro darmar, na kutsa tsakiyar fili na ɗaga ta sama. Na faɗi komai: inda na same ta, da aikin da take yi, da yadda aka yi mana a Kankia. Na ce yau ne kaɗai faifan nan ya taɓa juyawa bisa gaskiya, don haka keken na Inna ne. Ina magana ina jin kaina wani babban mutum.

Akawu bai ko girgiza ba. Na ga ma kamar ya sami sauƙi.

"Alhamdu lillahi," ya ce cikin lasifika. "Jama'a, ga ɓarawo ya tona kansa. Ya cire ma'aunin kamfani, ya lalata faifai. Ashe shi ya sa tun safe yake juyawa ba daidai ba. Duk murzawar da aka yi yau ta ɓaci, har da ta wannan baiwar Allah. Ba laifinmu ba ne, laifin kafinta ne."

Da bakina na ba shi abin da ya rasa. Wani ɗan doka da ke tsaye gindin mota, wanda na ga an miƙa wa hankici da madubi tun da safe, ya zo ya cafki wuyan rigata. Waɗanda suka ci fitila suka sulale da abinsu. Waɗanda suka sami ashana da farin gida kuwa suka yo kaina. Mai faci ne a gaba, yana nuna ni da yatsa har yana taɓa mini hanci.

"Kai ka ɓata mini sa'a! Sau shida na murza yau! Ashe kai ne!"

Na ce, "Haba yaya, a Kankia da darmar ka murza, mi ka samu?"

Bai ji ba, ko ya ƙi ji.

Akawu ya ce a kwantar da hankali, kamfani ba ya zalunci. Duk wanda ya murza yau za a ba shi murzawa ɗaya kyauta, da zarar an mayar da ma'auni. Aka yi tafi. Tafi fa, da hannu bibbiyu. Aka kwantar da faifan a ƙasa, ɗan doka ya danna ni na durƙusa, aka miƙo mini gudumata. A gaban kasuwar Kusada gaba ɗaya na ɓamɓare katakon da na sa, na ɗora darmar daidai bayan jan gida, na kafe ta da ƙusa huɗu. Ba wanda bai gani ba. Mahaucin nan da ya ƙirga zagaye yana tsaye kaina yana kallo. Na ɗaga kai na ce masa, "Dubi inda take. Dubi inda harshe yake." Ya kau da kai ya tafi ya shiga layi.

Wannan layin shi ne abin da har yau na kasa mantawa. Magidanta masu furfura, mutanen da suka san ma'aunin gyaɗa, waɗanda in ɗan kamasho ya sa ƙafa a sikeli suna ganewa, suka jeru suna ture juna don su murza abin da suka ga an ɗaure da idonsu. Kowa na ganin shi dabam ne, shi darma ba za ta hana shi ba.

Don a ƙarasa rufe maganar, mai shela ya hau mota ya fara watsa 'yan gutsattsarin sabulu cikin jama'a. Aka rufta. Manya da yara suna wawaso cikin ƙasa, ana taka juna. Cikin turmutsutsun wani ya taka ƙwaryar Inna da ke gindin mota, ta dare gida biyu, nono ya malale, aka tattake shi ya zama caɓi. Ba wanda ya ko ce sannu.

Akawu ya kira ta ya miƙa mata ashana biyu da ɗan madubi, wai kyautar kamfani saboda haƙurinta. Ta dubi kayan, ta dube shi, ba ta miƙa hannu ba. Ta duƙa ta tsince ludayinta da faifan rufin ƙwaryar, ta kakkaɓe, ta fita daga taron.

Ɗan doka ya riƙe ni gindin wata bishiya har la'asar. Da mota ta tashi ya sake ni, ya ce in gode Allah akawu mai tausayi ne, da yanzu ina gaban alƙali. Ladan gyaran da na yi kuwa ba a sake tada zancensa ba, ni ma ban tambaya ba.

Na same ta bakin rijiyar bayan kasuwa tana wanke ƙafafunta. Na durƙusa na gaishe ta.

"Inna, ki gafarce ni. Ni na jawo miki."

Ta daɗe tana kallona kafin ta gane ni. "Kai ne ɗan mai sayen man shanu? To, mi ka yi mini?"

"Da na yi shiru, ƙila da sun ba ki."

"Ba su bayarwa," ta ce. "Tun da ya tambayi hannuna na san ba su bayarwa. Ni sabulu na zo saye, ga shi kuma na samu. Ƙwaryar ce ta dame ni, ta uwata ce."

Na ce zan sayo mata wata. Ta ce a'a, akwai ƙore a gida. Na ɗauki kujera ɗaya cikin waɗanda ban sayar ba na ce ta kai wa mai jego. Wannan ta karɓa, ta ɗora a ka, ta kama hanyar Kaikai.

Na kwana biyu wurin kawuna kafin in koma Kankia, don kunya. Da na koma na tarar labari ya canza kama. Cewa ake na haɗa baki da Bafillatana mu sace keken kamfani mu raba. Wasu da suka ba ni aikin ƙyaure suka zo suka kwashe katakonsu. Mai faci ya daina yi mini magana, ya koma cin abincinsa shi kaɗai, ya juya mini baya.

Haka muka zauna har kusan wata biyu. Ran nan da hantsi ina fere ƙafar kujera sai ga shi ya shigo rumfata da sallama, har da goro a hannu. Na ji daɗi, na ɗauka sulhu ya kawo. Ya zauna, muka gaisa, ya tambayi amarya. Sannan ya matso da kujerarsa ya rage murya.

"Ƙanena, faifan nan, ka riƙe yadda aka yi shi?"

Na ce na riƙe.

"So nake ka yi mini irinsa, ƙarami, wanda zan iya ɗaurawa bayan keke. In riƙa zagaya ƙauyuka ranar kasuwa, Kafinsoli, Fakuwa, har gaba. Agogo zan sa a jan gidan." Ya laluba aljihu ya ciro wani abu naɗe a tsumma ya buɗe. Darma ce, ya narke ta daga tsohon batirin mota, har ya daddale ta da faɗin tafin hannu. "Ka gani ko wagga ta isa, ko a ƙara?"

Na tsaya ina kallonsa. Babu alamar kunya ko kaɗan a fuskarsa, jira kawai yake in auna.

Na ce ya tashi ya fita mini daga rumfa, ya ɗauki goronsa. Ya tashi yana mita, wai ni ban san arziki ba. Daga baya na ji wani kafinta a wani gari ya yi masa. Ni kuma kafin damina ta faɗi na kwashe kayana na koma wata rumfa can ƙarshen layi, kusa da masu sayar da itace.